"Ba Mu Ga Komai Ba" Ko "Babu": Darasin Harshe Daga Ɗakin Gwajin Ƙanjamau

Gabatarwa

Lokacin da editocin wannan mujalla suka nemi 'yan aji uku su kawo maƙala a kan wani fanni na harshe, niyyata ta farko ita ce in rubuta yadda mu 'yan Taraba muke rikita jinsi a Hausarmu, har mu ce "mace ya zo" ba tare da mun ji wani abu ba. Ni Bamumuye ne, daga wajen Zing iyayena suka fito, a Jalingo na tashi, kuma a kasuwa da filin ƙwallo na koyi Hausa kafin in zo in same ta a aji. Daga baya na sauya shawara. Akwai wata jimla mai kalmomi biyar da ta hana ni barci kusan shekara guda, kuma na ga ya fi amfani in ɗora ta a kan tebur mu feɗe ta tare. Jimlar ita ce: "Ba mu ga komai ba." Saboda haka wannan maƙala za ta dubi wasu kalmomi da jimloli da ake amfani da su a kan cutar ƙanjamau da gwajinta, da irin aikin da suke yi a zuciyar mai sauraro. Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri, domin misalan daga jikina na ɗebo su.

Abin da ya faru

A watan Maris na 2023, da yamma, ina dawowa daga Mil Shida sai wata mota ta banke keke napep a gabanmu. Muka fito da gudu, na kama wani mutum da kansa ya fashe, muka sa shi a wata motar aka wuce da shi asibiti. Sai da na koma gida zan wanke hannu na tuna cewa da safiyar ranar wuƙa ta yanke ni a yatsa wajen yanka albasa, ga jinin mutumin ya bushe a kan yankan. Ban damu ba. Bayan kwana huɗu wani mai shago a unguwarmu ya ce mini, cikin raha ma ya faɗa, wai mutumin nan "ai an ce yana da ciwon nan." Har yau ban san ko gaskiya ne ba, ban ma san sunan mutumin ba. Amma tun daga wannan daren na zama wani mutum dabam.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya sani, shi ne akwai maganin kariya da ake ba wanda yake zargin jinin mai ƙwayar ya taɓa masa rauni, ko allura ta soke shi, ko aka yi masa fyaɗe. Dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma ana shan sa kwana 28. Ni labarin ya iso mini bayan wa'adin ya wuce. Haka kuma ban san cewa haɗarin da ke cikin irin abin da ya same ni kaɗan ne ƙwarai ba. Ko ma'aikacin asibiti da allurar mai ƙwayar ta soke shi, kusan mutum ɗaya ne cikin 300 yake kamuwa, wanda jini ya taɓa wa ƙaramin rauni a fata kuwa bai kai haka ba. Fata mai lafiya ƙwayar ba ta ratsa ta. Da na san wannan lissafi tun farko, wataƙila da sauƙi. Na ce wataƙila, domin da na san shi daga baya bai warkar da ni ba.

Sau biyar na yi gwaji: bayan kwana goma, bayan mako shida, bayan wata uku, bayan wata shida, da kuma bayan wata goma. A wurare uku dabam-dabam, don kada a gane ni. Duk sakamakon iri ɗaya ne.

Sunan da aka raɗa wa cutar

Bari mu fara da sunan kansa. Kalmar "ƙanjamau" ta fito ne daga aikatau "ƙanjame", wato ramewa har mutum ya bushe, aka yi mata ɗafa-ƙeya na -au. Wannan tsari sananne ne a Hausa: daga "manta" aka sami "mantau", daga "makara" aka sami "makarau", daga "sanƙare" aka sami "sanƙarau", cutar nan da ke sanƙarar da wuya a lokacin zafi. Idan muka lura, wannan ɗafi yana nuna wanda abin ya zama halinsa ko sana'arsa. Mantau ba wanda ya manta sau ɗaya ba ne, wanda mantuwa ta zama ɗabi'arsa ne. To haka "ƙanjamau" take cewa: wannan cuta aikinta ke nan, ƙanjamar da mutane.

A lokacin da aka raɗa sunan, gaskiya ya faɗa. An fara ba da rahoton cutar a Amurka a 1981, masu bincike a cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar a 1983, aka sami gwajin jini a 1985, aka kuma sanar da ɓullarta a Nijeriya a 1986. A waɗannan shekaru ba wani magani mai ƙarfi, wanda aka gani da ita galibi ya riga ya rame. Sunayen sakaya da suka biyo baya sun ma fi muni: "kabari salamu alaikum", "kabari kusa". A Jamhuriyar Nijar "sida" suke cewa, aro daga Faransanci, kuma a ganina sun fi mu sa'a, domin kalmar ba ta zana hoton kowa. Su kuwa iyayenmu "ciwon nan" ko "ciwon zamani" suke cewa, su rage murya. Ko da Fela Anikulapo-Kuti ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, abin da ya girgiza mutane shi ne yayansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito fili ya kira sunan cutar.

Matsalar ita ce ilimi ya yi gaba, sunan ya tsaya a inda yake. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da magungunan rage ƙarfin ƙwayar kyauta a asibitocinta. Mai shan su a kan ƙa'ida yana rayuwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya masu lafiya, kuma manyan bincike sun tabbatar da cewa idan ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta iya ganin ta a jininsa, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Irin wannan mutum bai ƙanjame ba, amma muna kiran abin da ke jikinsa ƙanjamau. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu: ƙwayar da ke shiga jini, da kuma halin da jiki ke faɗawa bayan shekaru idan ba a sha magani ba. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a raba su, a kira ƙwayar "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin ƙarshe. Shawara ce mai kyau, sai dai ni dai ban taɓa jin wani a tashar mota ko a kasuwar Jalingo ya ce "karya-garkuwa" ba.

Me wannan suna ya yi mini? Ina da shekara bakwai wani ƙanen mahaifiyata ya rasu a ƙauye. Na tuna hannunsa kamar kara, na tuna yadda aka ware masa kwano. Ya ƙi zuwa gwaji har ya mutu, alhali magani na nan. To duk lokacin da na ji kalmar, hannun kawuna nake gani. Sai na shiga auna kaina. Na huda wa bel ɗina sabon rami, na ce shi ke nan, an fara. Ban tsaya na yi tunani ba cewa wanda ya daina cin abinci saboda fargaba dole ya rame.

Ba mu 'yan Taraba kaɗai ke da laifin wannan tsoro ba, alƙaluma ma sun taimaka. Binciken ƙasa na 2012 ya ce kashi 10.5 cikin ɗari na mutanen jiharmu na ɗauke da ƙwayar, mu ne na biyu bayan Ribas. Da wannan lamba muka girma, ana faɗar ta a rediyo da taron makaranta. Babban binciken 2018, wanda aka sanar da sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kusan kashi uku ne cikin ɗari a Taraba, a ƙasa baki ɗaya kuwa kashi 1.4 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Har a lokacin muna cikin jihohi huɗu na sama, amma mutum uku cikin ɗari ba ɗaya yake da mutum goma ba. Tsohuwar lambar ce ta fi zama a kawunanmu.

Korewa iri biyu

Yanzu ga jimlar tawa. A gwajin farko ma'aikacin ya dubi ɗan tsinken gwajin ya ce, "Ba mu ga komai ba, amma ka dawo bayan wata uku." Wani zai ji wannan ya tafi gida da murna. Ni kuwa ɗalibin nahawu ne, kuma wanda ya koyi harshe da girma ya fi mai shi sa ido a kan ginin jimla, domin mu da lissafi muka koya. Sai na ce a raina: me aka kore a nan? A "ba mu ga komai ba", abin da ke tsakanin "ba" da "ba" shi ne aikatau "gani". An kore gani ne, ba a kore samuwa ba. Wanda ya shiga ɗaki da dare ba fitila ya ce bai ga kunama ba, bai ce babu kunama ba. Da ya ce mini "babu", wadda ita ce korewar "akwai", da ya kore abin kansa. Sannan ga "amma", ga "ka dawo", waɗanda a kunnena suka ƙara wa jimlar kalmar da bai furta ba, wato "tukuna".

Abin mamaki, a wannan rana ta farko nahawuna ya yi daidai. Gwajin tsinke da ake yi da ɗigon jinin yatsa, irin su Determine da Uni-Gold da Stat-Pak da aka saba amfani da su a Nijeriya, ba ƙwayar kanta yake nema ba. Yana neman sinadaran yaƙi ne da jiki ke ƙerawa bayan ƙwayar ta shiga. Kamar a ce ba ɓarawon ake nema ba, kururuwar masu gida ake saurare. Jiki kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya yi wannan kururuwa. Bisa ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, irin wannan gwaji yana iya ganowa ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Gwajin ɗakin bincike da ake ɗibar jini daga jijiya, wanda ke haɗa neman sinadaran da neman wani ɓangare na jikin ƙwayar, yana ganowa tsakanin kwana 18 zuwa 45. Wanda ke neman ƙwayar kai tsaye kuwa, tsakanin kwana 10 zuwa 33. Saboda haka gwajin tsinke a kwana na goma ba ya iya cewa "babu". Iyakar gaskiyarsa "ba mu gani ba".

Amma bayan kwana 90, idan ba wani sabon abu da ya faru, jimlolin biyu sun zama ɗaya. An kunna fitila, an ɗaga tabarma, an duba ko'ina. A nan "ba mu gani ba" ma'anarta "babu". Kuskurena shi ne na riƙe fassarar ranar farko na ɗora ta a kan gwaji na uku da na huɗu da na biyar. Ma'aikatan kuma, Allah ya saka musu, jimlar da bakinsu ya saba da ita suke maimaitawa ga kowa, ko a kwana goma ko a wata goma.

Turawa suna kiran wannan tazara da kalmarsu ta taga, kuma na taɓa jin an fassara ta haka a rediyo, "lokacin taga". Wane Bahaushe ne zai fahimci wannan? Taga a wurinmu wurin shigar iska ce da haske, alhali ana maganar lokacin da ba a gani. Ni ina ganin "kwanakin ɓuya" ya fi, domin yana nuna abu biyu: akwai ɓuya, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne, suna ƙarewa. Haka nan aron "nagatif" da "fozitif" yana da nasa rikicin, tunda a Turancin makaranta an koya mana cewa fozitif shi ne abu mai kyau, a ɗakin gwaji kuwa akasin haka ne. "Kana ɗauke da ita" da "ba ka ɗauke da ita" sun fi tsabta, kuma sun kore abin da ya kamata a kore.

Tsoro, fargaba, zullumi, wasiwasi

Hausa tana da arzikin kalmomi a wannan fage, kuma sai da na bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya na gane bambancinsu. Tsoro yana da abin da ake tsoro a gaba, kamar kare ko soja. Fargaba faɗuwar gaba ce a kan abin da ake jin zai iya zuwa. Zullumi kuwa tunani ne mai nauyi a kan abin da ake jira, irin na daren da za a kafe sakamakon jarrabawa. Waɗannan ukun duk suna da magani ɗaya: labari ya zo, a san matsayi. Wata ukun farko zullumi na yi, kuma ba na jin kunyarsa, yana da dalili.

Abin da ya biyo baya sunansa wasiwasi. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma wani abokina ɗan ajinmu ne ya buɗe mini ita. Ya ce malamai suna magana a kan mutumin da zai yi alwala, ya gama, ya ji kamar bai wanke gwiwar hannu ba, ya sake, ya kuma sake, har jam'i ya wuce shi. Ya ce ba a ce wa irin wannan mutum ya ƙara wankewa da kyau, ana ce masa ya daina sakewa ne, domin sakewar ita ce abincin wasiwasin. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, domin hotona ya zana. Wasiwasi ba ya ƙoshi da hujja. Duk gwajin da na yi yakan ba ni kwanciyar hankali na mako ɗaya ko biyu, sai wata murya ta ce: in tsinken ya lalace fa? In an musanya fa? In kai ne mutum ɗaya da jikinsa ya bambanta fa? Sai in ɗauki waya in shiga intanet da tsakar dare ina karanta alamomi. Alamomin kuwa zazzaɓi ne, da ciwon kai, da gumin dare, da gudawa, da kasala, wato abubuwan da zazzaɓin cizon sauro ke kawo wa kowane ɗan Jalingo da damina, kuma damuwa kanta tana kawo rabinsu. Na riƙa latsa wuyana ina neman kaluluwa har wurin ya yi tsami, sannan na ɗauki tsamin a matsayin shaida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ko saran ba a yi mini ba.

Likitoci sun san wannan hali tun shekarun 1980, lokacin da asibitocin Turai da Amurka suka riƙa ganin mutane masu lafiya suna dawowa gwaji ba iyaka. Suna lissafa shi cikin cututtukan damuwa, dangin wasiwasin wanke hannu da duba ƙofa. Maganinsa zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, a koya wa mutum ya bar tunanin ya zo ya wuce ba tare da ya ruga neman tabbaci ba, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. A nan ma harshe ya tare hanya. Da an ce "likitan ƙwaƙwalwa" sai mu ji "mahaukaci". Ƙasarmu kanta sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ni ma na fi yarda a ce ina da ƙwaya a jini da a ce ina da matsala a kai.

Abin ya ci mini da yawa. Na faɗi kwas biyu a zango na biyu na aji ɗaya. Na ware kofina a ɗaki, kamar yadda aka ware wa kawuna kwano, alhali na san ko mai ƙwayar ba ya sa wa kowa ta kofi ko musafaha ko cizon sauro. Akwai wata yarinya da muka fara fahimtar juna, na janye ba tare da na ba ta dalili ba, kuma har yau ban sami bakin yi mata bayani ba.

Gwaji na shida

A farkon 2024 na koma wurin da na yi gwaji na uku. Na tarar da wata dattijuwar ma'aikaciya, ta duba littafinsu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, ba kai ne ka zo kwanakin baya ba?"

"Ni ne, Mama."

"Wani abu ya sake faruwa tun lokacin?"

"A'a, Mama. Ina so dai in tabbata."

Ta sa na ba ta labari tun daga Mil Shida, ta ƙirga watannin da yatsunta, sannan ta rufe littafin. Ta ce, "Yau ba zan soke ka ba. Ka saurare ni da kyau. Babu. Ba ka da shi. Ciwon da ke damun ka ba a jini yake ba, kuma shi ma ana maganinsa." Ba Bahaushiya ba ce, "shi" ta ce a inda littafinmu zai ce "ita", amma a duk tsawon watannin nan ita ce mutum ta farko da ta yi amfani da korewar da ta dace. Ta rubuta mini takarda zuwa wurin wani likita, na je sau huɗu.

Ba zan ce kalma ɗaya ce ta warkar da ni ba, domin muryar takan dawo, musamman idan zazzaɓi ya kama ni. Bambancin shi ne yanzu na san sunanta, kuma ban sake zuwa gwaji a kan abin da ya faru a Mil Shida ba. Takardun nan biyar suna cikin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da nake karatu da shi, a shafukan harafin W.

Na kai wa malaminmu na fassara shawarar "kwanakin ɓuya". Ya ce, "To, ba laifi, amma kalma ba ta zama kalma sai mutane sun karɓe ta. Je ka gwada ta a bakin mutum ashirin da ba su yi boko ba, ka rubuto mini abin da kowa ya fahimta." Zuwa yanzu na tambayi goma sha ɗaya, a kasuwa da wurin masu keke. Bakwai sun gane, uku sun ɗauka ana nufin mai cutar ne yake ɓuya a gida don kunya, wata mai ƙosai kuma ta ce ita "kwanakin jira" ya fi mata daɗin ji. Saura mutum tara. Duk ɗalibin da ke da wata kalmar, ko daga Hausa ko daga Fulatanci ko Jukunanci ko harshenmu na Mumuye, ya same ni a aji uku kafin ƙarshen zango.